Fili ɗaya, mu uku aka sayar wa: ina ya kamata in kai ƙara?

Abban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja maganar. Wata takwas da suka wuce na sayi fuloti ɗaya awon igiya can bayan gari ta hanyar Gwarzo, hamsin da hamsin, a kan naira miliyan 2 da dubu 300. Kuɗin nan wallahi adashin shekara biyu ne da kuɗin keken ɗinkina guda biyu da na sayar, har ɗan kunnen mai ɗakina ya shiga ciki. Miliyan 2 na tura masa ta banki, dubu 300 na ba shi a hannu gaban dillali da shaidu biyu, aka yi takardar ciniki har da hatimin da aka ce na mai unguwa ne. Ranar Asabar na kai bulo zan sa harsashi, ina zuwa na tarar wani bawan Allah ya riga ya fara tona, ya ciro takardarsa ta girmi tawa da shekara guda, mai sayarwa ɗaya, sa hannu ɗaya. Muna cikin magana maƙwabcin wurin ya ce ai akwai wata Hajiya mai marayu ita ma an nuna mata nan ɗin. Mutumin wayarsa a kashe, ya tashi daga gidan hayar da na san shi, an ce yana Zariya. Na je caji ofis na kusa da gidana suka ce ba yankinsu ba ne. Yayana ya ce EFCC, surukina ya ce Hisba, abokina ya ce kotun Musulunci kai tsaye. Ni kuma ba ni da kuɗin yawo daga ofis zuwa ofis. Ina ya kamata in dosa?

Maman Sadiq: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri Malam, Allah ya toni asirinsa. Ni dai a ganina ka fara da Hisba, ka je Sharaɗa, ba sa karɓar ko sisi kuma suna sauraron talaka. Mu da muka samu matsalar gado da ƴan ubanmu can aka zaunar da mu aka sasanta, yau gashi muna zumunci.

Ɗan Kwari: Hajiya wace Hisba kuma, mutum ya gudu Zariya waye zai zauna a yi sulhu da shi? Malam ka ji shawarata ka tafi EFCC kawai, suna da ofishi a nan Kano, su ne kaɗai irin mutanen nan suke tsoro. Da sun rufe masa akawun zakaga da ƙafarsa ya zo yana kuka.

Ibro Mai Waya: ni wlh da nine ba ofishin da zan je. ka turo min hotonsa da lambarsa mu watsa a Facebook da TikTok, cikin kwana biyu zaka ji inda yake. in an gano shi a ɗau samari huɗu a je a ɗauko shi

Tsohon Sifeto: Ibro kada ka jefa bawan Allah a rami na biyu alhali bai fita daga na farko ba. Duk ranar da kuka ɗauki samari kuka je kuka ɗauko mutum daga gidansa, to daga wannan rana shi ne mai ƙara ku ne ake tuhuma, kuma tuhumar da za a yi muku ta fi tasa nauyi nesa ba kusa ba. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba a shekarun da na yi ina aiki. Abban Ilham, abin da aka gaya maka a caji ofis gaskiya ne ko da yake ya kamata a ce sun yi maka bayani sosai. Ƙa'ida ita ce ana bin inda aka aikata laifin, ba inda mai ƙara yake kwana ba. Ina aka nuna maka filin, ina aka rubuta takarda, ina ka miƙa kuɗin hannun? Ofishin da ke riƙe da wannan yanki shi ne ƙofarka ta farko.

Abban Ilham: Baba duk a can wajen filin aka yi, a shagon dillalin. Tiransifa ɗin ma a tsaye a wurin na yi.

Tsohon Sifeto: To ka ga magana ta fito. Amma tunda ku uku ne kuma mutumin ya tsallaka wata jiha, ni da zan ba ka shawara ba ƙaramin ofishi za ka tsaya ba. Ku rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan Ƴan Sanda, ku kai hedikwata a Bompai, a buga muku hatimin karɓa a kwafin da za ku riƙe. Shi zai tura wa sashen binciken manyan laifuka, wato CID, su ke da hurumin bin mutum wata jiha da takarda, su haɗa kai da na Kaduna. DPO na ƙauye motar sintirinsa ɗaya ce, ba lallai ya iya bin mutum har Zariya ba ko da yana so.

Ɗan Kwari: Baba da girmanka amma kai ma ka san abin da ake yi. Ka kai ƙara a ce kawo kuɗin fayil, kawo kuɗin mai, kawo na bin sawun waya, kafin a kamo ɓarawo ka kashe rabin abin da aka cuce ka. Shi ya sa mutane suke gudu.

Tsohon Sifeto: Ban ce ba a yi ba Alhaji, ƙarya ce in na ce ba a yi. Amma ka sani ba doka ba ce, shigar da ƙara kyauta ne, beli ma kyauta ne. Kuma in jami'i ya matsa maka akwai inda ake kai shi: akwai DPO a kansa, akwai Eriya Kwamanda a kan DPO, akwai Kwamishina, akwai AIG, wato Mataimakin Sufeto Janar, na Zone 1 a nan Kano. Ban da wannan akwai sashen karɓar ƙorafi a kan ƴan sanda da ake kira CRU wanda aka buɗe a 2015 lokacin Solomon Arase yana Sufeto Janar, sannan akwai Hukumar Kula da Aikin Ƴan Sanda ita ke ladabtarwa. Matsalarmu mutum zai bayar a ɓoye ya dawo gida yana zagi, ba zai taɓa rubuta layi biyu ya kai sama ba.

Barista: Wa alaikumus salam. Na karanta duka, bari in sa baki. Malam Abban Ilham sannu, Allah ya musanya. Kafin a yi gardamar wace hukuma, tambayar farko da kowane jami'i zai yi a ransa ita ce: wannan laifi ne ko rigimar ciniki ce? Domin a nan mafi yawan ƙararraki suke mutuwa. Naka laifi ne, ba ko shakka, in dai abin da ka faɗa haka yake. Dalili kuwa, lokacin da ya karɓi kuɗinka ya san filin ya riga ya fita daga hannunsa shekara guda baya, wato ƙaryar ta riga kuɗin. Wannan shi ne zamba, tana cikin Penal Code, wato kundin dokar laifuka ta Arewa, daga sashe na 320. In kuma hatimin mai unguwar nan na bogi ne to an ƙara laifi na biyu, ƙirƙirar takardar jabu, sashe na 362 zuwa 364, wanda hukuncinsa ya kai shekara 14. In dillalin ya sani an ƙara na uku, haɗin baki, sashe na 97. Duk waɗannan ƴan sanda suna da cikakken ikon bincikensu. Saboda haka shawarar Baba Sifeto daidai take.

Ɗan Kwari: To Barista EFCC fa, ba aikinsu ba ne kenan?

Barista: Aikinsu ne Alhaji, ban ce ba za su iya ba. Karɓar dukiya ta hanyar yaudara yana ƙarƙashin dokar 2006 da mutane suke kira dokar 419, kuma EFCC na aiki da ita kullum, hukuncinta daga shekara 7 zuwa 20 ne ba zaɓin tara, kuma a babbar kotu ake yin shari'ar ba gaban majistare ba. Sun fi kowa iya bin sawun kuɗi a banki. Amma ka duba, ofishinsu na Kano ba Kano kaɗai yake yi wa aiki ba, takardun koke tuli ne, sai sun tantance kafin su ce sun karɓa. Mutumin da ya sayar da kekensa yana jiran abin da zai ci, sai ya auna. Ni abin da nake gaya wa masu zuwa wurina, in ka ga kuɗin ya yi yawa, ko mutanen da aka cuta sun yi yawa, ko kamfani ne ya buɗe ofis yana yanka filayen da babu su, ko kuɗin ya bi ta akawun biyar ya ɓace, to nufi EFCC. In mutum ɗaya ne da dillalinsa, an san fuskarsa an san danginsa, CID sun isa. Kuma abu ɗaya da nake roƙo, kada ka kai wuri uku a lokaci ɗaya.

Maman Sadiq: Barista me ya sa? ni na ɗauka in ka watsa ko'ina wani zai kama

Barista: Hajiya abin da yake faruwa shi ne kowa sai ya ja hannu. Wannan ya ji magana tana wurin wancan sai ya ce to su ƙarasa. Ko kuma a kama shi nan a ba da beli, gobe a kama shi can, sai lauyansa ya garzaya babbar kotu ya ce ana tauye masa haƙƙi ana yawo da shi a kan magana ɗaya, ya sa sunan mai ƙara a cikin waɗanda yake nema su biya shi diyya. Ka zaɓi ƙofa ɗaya, in ta ƙi buɗuwa ka hau sama da ita a rubuce, ka ambaci cewa ka fara kaiwa wuri kaza ranar kaza. Maganar Hisba kuma, ba raina su nake ba, dokar da ta kafa su a Kano ta 2003 ce kuma a sulhun aure da gado da rigimar maƙwabta sun sauke wa kotuna nauyi mai yawa. Amma sulhu sai da mutum biyu a zaune. Ba su da ikon neman bayanan akawun daga banki, ba su da hurumi a jihar Kaduna, ko sun kama mai babban laifi ƴan sanda suke miƙa wa.

Alhaji Mai Shinkafa: Barista tunda Allah ya kawo ki bari nima in shigo da tawa. Akwai yaron da na ba shinkafa buhu 60 bashi tun kafin azumi, mun shekara uku muna harka yana ɗauka yana biya, wannan karon ya biya kuɗin buhu 20 ya tsaya, kullum gobe jibi. Nima CID ɗin zan je kenan.

Barista: A'a Alhaji, kai taka daban ce. Kai bashi ake ci maka.

Alhaji Mai Shinkafa: Bashi kamar yaya, ba cuta ba ce? Shi an cinye masa miliyan 2 ni abin da nake bi ya fi haka, shi a kama masa ni a ce in yi haƙuri? Wannan wace irin doka ce

Barista: Ban ce ka yi haƙuri ba Alhaji, cewa na yi ƙofarka daban. Dubi bambancin. Yaronka shekara uku yana ɗauka yana biya, wannan karon ma ya biya kashi ɗaya cikin uku, bai canza suna ba, bai kawo maka takardar ƙarya ba, bai gudu ba tunda har yana ce maka gobe jibi. Ba abin da ke nuna ranar da ya ɗauki kayan ya ƙudurta ba zai biya ba. Karyewa ko taurin bashi ba laifin da ake ɗaure mutum ba ne a dokar ƙasar nan. Dokar Ƴan Sanda ta 2020 sashe na 32 ƙaramin sashe na 2 ta faɗa ƙarara, ba a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma ta faɗi haka a sashe na 8, Kano kuma ta yi tata a 2019. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa ƴan sanda da EFCC ba ƴan karɓar bashi ba ne. In ka sa aka tsare shi kwana uku, yana fitowa zai iya maka ka a kotu, kuma alƙalai suna ba da diyya a kan irin wannan, sai ka ga wanda kake bi ya koma yana bin ka. Ka je kotun Musulunci ko kotun ƙananan basussuka da ke ƙarƙashin majistare, wannan ba sai da lauya ba ma, ka tafi da littafinka da shaidunka. In an yanke hukunci ya ƙi biya kotu ce za ta sa a kama kayansa a yi gwanjo.

Alhaji Mai Shinkafa: To ai mu a kasuwa kowa caji ofis yake kaiwa kuma kuɗi na fitowa

Tsohon Sifeto: Yana fitowa Alhaji saboda wanda aka kai bai san haƙƙinsa ba, ranar da ka haɗu da wanda ya sani za ka gane. Kuma irin wannan ne yake cinye lokacin da ya kamata a ba irin su Abban Ilham. Jami'i ɗaya fayil ashirin a gabansa, sha biyar duk bashin kasuwa ne da rigimar haya.

Barista: Sai dai in ƙara maka abu ɗaya Alhaji. Da a ce cak ya rubuta maka, ka kai banki cikin wata uku aka dawo da shi babu kuɗi, to wannan laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, shekara biyu ne. Haka kuma da ba sayar masa ka yi ba, ajiya ka ba shi ko ka ce ya kai wa wane sai ya karkatar ya sayar, wannan cin amana ne, sashe na 311 da 312. Kun ga kaya ɗaya, mutum ɗaya, amma yadda aka yi maganar farko shi ke canza inda za a je.

Alhaji Mai Shinkafa: Babu cak, sayarwa ce. Na ji, zan nemi sarkin kasuwa tukuna in bai yi ba in je kotun. Amma raina bai so ba gaskiya.

Na Maraɗi: Salamu alaikum ƴan uwa, ina biye da ku daga nan Maraɗi. Mu nan wajenmu in cikin gari ne kwamisariya kake zuwa wurin ƴan sanda, in ƙauye ne kuma jandarmomi ke da wurin, in ko ka ga ba a motsa ba kana iya rubuta takarda kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a gidan shari'a, wanda muke ce ma procureur, shi ke da ikon cewa a bincika ko a aje. Ku can babu irin wannan, mutum ya wuce ƴan sanda ya kai kukansa gidan shari'a da kansa?

Barista: Akwai Malam, tambayarka ta yi kyau. Mu a Arewa mutum yana iya shigar da ƙarar laifi kai tsaye gaban majistare ko alƙalin kotun Musulunci, ba sai ta hannun ƴan sanda ba. Sau da yawa alƙalin zai saurara sai ya rubuta wa ƴan sanda su bincika su kawo masa rahoto, kuma in umarni ya fito daga kotu an fi ɗaukarsa da muhimmanci. Wannan ita ce hanyar da abokin Abban Ilham yake nufi. Tana da kyau in an san inda mutum yake za a iya kai masa sammaci, ko in ka kai wa ƴan sanda sun yi shiru. Amma wanda ya ɓuya a wata jiha sai an nemo shi tukuna, shi ya sa na ce a fara da masu nema. Sannan akwai Kwamishinan Shari'a na jiha, tsarin mulki sashe na 211 ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi ko karɓe ta ko dakatar da ita, ofishinsu yana Sakatariyar Audu Baƙo, ana rubuta musu koke in an ga ana wasa da shari'a.

Ibro Mai Waya: to Barista posting ɗin fa, shima laifi ne? ai gaskiya zamu faɗa

Barista: Ibro ka bari tukuna. Na ɗaya, kana watsawa ka gaya masa ana nemansa, zai bar Zariya ya kwashe abin da ya rage a akawun. Na biyu, in ka kuskure hoto ko ka haɗa da sunan wanda ba ruwansa ka jawo wa kanka ƙarar ɓata suna, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da ake yawan kama matasa da ita. In akwai buƙatar cigiya hukuma ce za ta fitar. Amfanin da za ka yi masa a matsayinka na mai gyaran waya shi ne ka taimaka masa ya adana duk hirarsu ta WhatsApp da saƙon murya da alat ɗin banki, a tura wani wuri kada wayar ta lalace.

Ibro Mai Waya: wannan mai sauƙi ne, Abban Ilham ka kawo wayar shago kyauta zan maka

Malama Ummu Aiman: Ku yi haƙuri zan ɗan kauce daga maganar fili, amma abin yana ci min rai kuma maganar ɗaya ce ta ina za a kai. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Sau nawa ake kawo mana yarinya ƙarama an lalata ta, ka tambaya yaushe, a ce kwana tara, ina kuka tsaya, a ce mun je wajen mai unguwa, daga nan aka ce a je a sasanta, dangin yaron sun kawo kuɗin magani. Kafin su iso an yi mata wanka an wanke kayan, babu sauran abin da likita zai rubuta. Jama'a fyaɗe ba maganar sulhu ba ce. Asibiti da ƴan sanda a ranar, kada a wanke komai. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce ya wuce. A Kano akwai cibiyar Waraka a cikin asibitin Murtala don wannan aka buɗe ta. In kuma yarinyar aikatau ce aka kawo daga ƙauye ana azabtar da ita, ko an yi wa budurwa alƙawarin aiki a waje an karɓe mata fasfo, wannan NAPTIP ne, hukumar yaƙi da fataucin mutane, suna da ofishi a Kano. Wallahi ina rubutun nan hannuna yana rawa don jiya ma na ga ɗaya.

Maman Sadiq: Subhanallah. Malama gaskiya kika faɗa, mu mata mu ne muke fara cewa a rufa asiri. Allah ya shirye mu ya tsare mana zuri'a.

Barista: Malama Allah ya saka miki. Ko kotun majistare ma ba ta da hurumin yanke hukuncin fyaɗe da kisa da fashi da makami, babbar kotu ake kaiwa bayan ma'aikatar shari'a ta duba fayil, balle zauren mai unguwa. Wanda ba shi da halin lauya ya nemi ofishin Legal Aid ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Ɗan Kwari: Barista wata tambaya, Anti-korafshin ta jiha fa wadda ake cewa hukumar Muhuyi saboda Muhuyi Magaji da ya shugabance ta, na ga mutane suna kai musu maganar fili sosai

Barista: Suna karɓa, tun zamanin Malam Shekarau aka kafa ta kuma sunanta ma ya haɗa biyu, karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa. Inda ta fi ƙarfi shi ne in akwai hannun ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ko mai riƙe da sarauta, misali a ce bincike ya nuna hatimin na gaske ne kuma wanda ya buga ya san fili ɗaya yake buga wa takarda uku. ICPC kuma tun 2000 take, ita ma cin hanci da amfani da kujera take bi. A maganar Abban Ilham har yanzu ba mu ga ma'aikaci a ciki ba, kuma mutumin yana wajen jiha. In an gano daga baya sai a san abin yi.

Abban Ilham: Na gode ƙwarai jama'a, wallahi tun Asabar ban yi barci ba sai yau na ji kaina ya ɗan sauka. Barista tambaya biyu. Shin in an kama shi kuɗina zai dawo? Sannan shi wanda na tarar yana tona, yayana yana cewa in haɗa da shi a ƙarar in hana shi gini.

Barista: Kada ka haɗa da shi Malam. Shi ma saye ya yi kuma ya riga ka, ba abokin gābarka ba ne, shi ne babban shaidarka, takardarsa ita ce take tabbatar da cewa an yi maka ƙarya. Kuma ƴan sanda ba sa yanke wa ke da fili, wannan aikin kotu ne. Ka je ka same shi cikin mutunci, ku nemo Hajiyar nan, ku rubuta koke ɗaya ku uku. Ku rubuta a taƙaice: wane ne, ranar da aka yi, wurin da aka yi, nawa aka bayar ta wace hanya, lambar akawun ɗin da kuɗin ya shiga, sunan dillali da shaidu. Ka je bankinka ka karɓi sitatimen mai hatimi na wannan watan. Kwafi za ku bayar, takardun asali su zauna a hannunku sai an nema a kotu. Kada ku ƙara gishiri ko kaɗan, dubu 300 ta hannu ka ce ta hannu ce, domin ba da bayanin ƙarya ga hukuma shi ma laifi ne kuma ƙarya ɗaya tana rusa gaskiya goma a gaban alƙali. Maganar kuɗi kuma ba zan yi maka alƙawari ba. Kotu tana da ikon ta umarce shi ya biya ku bayan hukunci, kuma da yawa in sun ga abin ya zama gaske dangi suke haɗa kuɗi a nemi sasanci. Amma in ya cinye ba shi da kadara, hukunci ba ya haifar da kuɗi. Shi ya sa saurin yake da amfani.

Tsohon Sifeto: In ƙara masa ɗaya Barista. Za a ce maka a kamo matarsa ko ƙaninsa shi zai fito. Kada ka yarda da bakinka ya faɗi haka, doka ta hana kama wani a madadin wani, sashe na 36 na dokar 2020 ɗin nan. Kuma ka rubuta sunan jami'in da aka ba fayil ɗinka da lambar wayarsa, duk zuwan da ka yi ka rubuta rana a ɗan littafi.

Abban Ilham: Jama'a na dawo da bayani kamar yadda na yi alƙawari. Na samu bawan Allahn nan, ashe shi ma hankalinsa a tashe yake, ya dakatar da aikin da kansa. Mun gano Hajiyar a Kabuga, ita tata takardar wata huɗu ce kacal, kuɗin gadon yaranta ne miliyan 2 da rabi, da muka gaya mata sai da aka ba ta ruwa. Mun je wurin mai unguwa ya duba takardun uku ya ce ta farko ce kaɗai ya sani, sauran biyun ba hatiminsa ba ne kuma a shirye yake ya faɗi haka a ko'ina. Jiya Litinin mun kai koken Bompai an buga mana hatimi, an ce mu dawo Alhamis da shaidu. Dillalin ya kira ni da daddare yana cewa in janye zai nemo min rabin kuɗina, ban ce masa komai ba, Ibro ya riga ya sa min abin naɗar kira.

Barista: Kada ka karɓi ko naira a bayan fage, kuma kada ka sa hannu a kowace takarda da zai kawo. In da gaske yake ya kawo kuɗin gaban jami'in da ke bincike a rubuta, ku ukun kuna zaune. Ranar Alhamis ka tafi da wayar, ka gaya musu ya kira, ƙarfe nawa, da wace lamba.

Maman Sadiq: Abban Ilham dan Allah in za ku koma ku biya ku ɗauki Hajiyar nan kada a bar ta ta hau Adaidaita ita kaɗai, in babu mai raka ta ni ina kusa da Kabuga zan iya zuwa.